Fasahar Nano da Harkar Gini a Jihar Kebbi: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da kalmar "nano" ta fara bayyana a jikin bokitan fenti da galan-galan na maganin hana ruwa ratsa bango, magina da 'yan kwangila da masu gidaje da ɗalibai suke ta tambaya a kanta. Wasu sun ɗauke ta dabarar talla ce kawai, wasu kuwa suna ganin an samo maganin kowace matsalar gini. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na kuma amsa su bisa la'akari da halin da muke ciki a Kebbi: zafin bazara, ƙurar hunturu, danshin fadama, da irin kayan da muke gini da su daga Birnin Kebbi har Yawuri da Zuru.

Mece ce fasahar nano?

Nanomita ma'aunin tsawo ne kamar inci ko mita, sai dai ƙanƙantarsa ta wuce abin da ido zai gani, har ma da abin da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum zai nuna. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi ɗaya daga ciki shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000 zuwa 100,000. Fasahar nano ita ce ƙera abubuwa da sarrafa su a lokacin da girmansu yake tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Masanin kimiyya ɗan Amurka, Richard Feynman, ya yi hasashen yiwuwar hakan a wata lacca da ya gabatar a 1959, sannan a 1974 wani farfesa ɗan Japan, Norio Taniguchi, ya fara kiran abin da wannan suna.

Dalilin da ya sa ƙanƙantar take da muhimmanci, duk macen da ta taɓa jiƙa kanwa ta san shi. Dunƙulen kanwa yakan daɗe a cikin ruwa bai narke ba, amma da zarar an dake shi ya zama gari, nan da nan sai ya bi ruwa, domin yanzu ruwan yana taɓa shi ta fuskoki masu yawa. A ɗauki dunƙule mai kusurwa kamar ƙwayar sukarin kwali, wanda kowane gefensa santimita ɗaya ne. Faɗin fuskokinsa shida gaba ɗaya santimita murabba'i 6 ne. Idan aka yayyanka shi zuwa gutsattsari masu nanomita ɗaya, faɗin fuskokinsu zai kai mita murabba'i 6,000, wato fiye da rabin hekta, alhali nauyinsa bai ƙaru ba. Da yake a fuskar abu ne sinadarai suke haɗuwa da juna, ɗan kaɗan na irin wannan gari yakan yi aikin da mai yawa na garin yau da kullum ba zai yi ba.

To, me ya haɗa wannan da siminti da kankare?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa bushewa ce take sa kankare ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa, daga haɗuwar sai wani irin danƙo ya fito wanda yake liƙe yashi da tsakuwa, kuma ƙwayoyin wannan danƙo 'yan nanomita ne kawai. Ashe ke nan duk birkilan da ya taɓa kwaɓa siminti ya yi aiki da abu mai girman nano ba tare da ya sani ba. Abin da yake sabo shi ne yanzu ana iya ganin abin da ke faruwa a can ciki, ana kuma iya gyara shi.

Haɗuwar siminti da ruwa tana barin abubuwa biyu marasa kyau. Na farko 'yan ƙofofi ne da ruwan da ya yi yawa yake bari idan ya ƙafe, kuma ta nan ne danshi da iska suke shiga. Na biyu wani sinadari ne ɗan uwan farar ƙasa, wanda ba shi da ƙarfi kuma ruwa yana iya wanke shi. Yana daga cikin abubuwan da suke barin farin jirwaye a jikin bango da ƙarƙashin dakin. Idan aka sa garin silika mai girman nano a cikin kwaɓi (silika shi ne babban sinadarin da ke cikin yashi), yakan yi aiki uku a lokaci ɗaya: ya toshe ƙofofin da ƙwayar siminti ta yi musu girma, ya haɗu da wancan sinadari mai rauni ya mayar da shi danƙo mai ƙarfi, sannan ya zama kamar iri wanda sabon danƙo yake tsirowa a kansa, abin da ke sa kankaren ya yi saurin kamawa. A yawancin gwaje-gwaje, abin da ake sawa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyin simintin ba, wato rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi a buhu mai kilo 50. Ribar da ta fi girma ba ƙarin ƙarfi ba ce kaɗai, a'a, kankaren yakan matse ta yadda ruwa ba ya samun hanyar ratsa shi cikin sauƙi, kuma wannan shi ne sirrin daɗewar gini.

Na ji an ce ana iya samun wannan silika daga ɓuntun shinkafa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu a cikin dukkan tambayoyin nan. Shinkafa tana zuƙo silika daga ƙasa ta tara shi a cikin ɓuntunta, shi ya sa ɓuntu yake da kaushi, yake kuma daɗewa bai ruɓe ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma idan aka ƙona ɓuntun, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa yakan saura a matsayin toka. A taƙaice, tan ɗaya na shanshera zai ba da ɓuntu kamar kilo 200, wanda zai bar toka kamar kilo 40, kuma mafi yawan wannan toka, sau da yawa fiye da kashi 85 cikin 100, silika ne. Tun a shekarun 1970 Farfesa P. K. Mehta na Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili ya nuna cewa tokar ɓuntu da aka ƙona bisa ƙa'ida tana inganta kankare ƙwarai.

Ba sai an gaya wa mutumin Kebbi yawan shinkafar da ake nomawa a fadamun Argungu da Suru da Bunza da Jega da Yawuri ba. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga ta Labana a Birnin Kebbi, ban da ƙananan injinan casa da suke kowane gari. Na taɓa tsayawa a bayan wani ƙaramin injin casa da yamma, inda tulin ɓuntu ya fi tsawon mutum, an cinna masa wuta tun kwana biyu yana ta ci a hankali. Na tona gefen da ya huce da sanda. Sama baƙi ne ƙirin kamar gawayi, amma can ciki akwai toka fara-fara mai laushi, wadda idan ka murza ta a tsakanin yatsu sai ka ji ta kamar alli. Wannan farar ita ce dukiyar, kuma iska ce take kwashe ta.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma dole a faɗe su. Dole ne a ƙona ɓuntun a zafin da ke tsakanin digiri 500 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyos, da isasshiyar iska. Idan wutar ba ta kai ba, sai gawayi ya saura a ciki, ya shanye ruwan kwaɓi ya raunana kankare. Idan kuma ta wuce digiri 800, sai silikan ya daskare ya koma irin na yashi, wanda ba ya haɗuwa da siminti yadda ake so, kuma ƙurarsa ta fi illa ga huhu. Shi ya sa tokar juji ba ta da tabbas: a tuli ɗaya za a samu mai kyau da marar kyau a cakuɗe. Bayan ƙonawa, sai a niƙa ta yi laushi sosai. Ita wannan niƙaƙƙiyar toka ba ta kai ƙanƙantar nano ba, ko da yake cikin kowace ƙwaya tata cike yake da ƙofofi masu girman nano, kuma da ita kaɗai ana iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na siminti. Wanda yake son ainihin silikan nano sai ya ƙara mataki: a wanke ɓuntun da asid, a ƙona, a narkar da tokar a ruwan soda, sannan a sake fito da silikan da asid. Wannan aiki ne na ɗakin gwaji ko masana'anta, amma ba aikin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

A tuna kuma cewa ana gasa siminti ne a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antar siminti ita ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya take fitarwa. Duk buhun da toka ta maye gurbinsa, an rage kuɗi an kuma rage hayaƙi.

Ina batun girafin da ake cewa ya fi ƙarfe ƙarfi?

Girafin shimfiɗa ce ta kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, wadda kaurinta ƙwayar zarra ɗaya ne. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ware shi a Jami'ar Mancesta ta Ingila a 2004, suka kuma samu kyautar Nobel a 2010. Idan aka naɗe irin wannan shimfiɗa kamar tabarma, sai a samu bututun kabon, wanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991. Kankare yana jure danna amma ba ya jure ja, shi ya sa muke sa masa rodi. Ana sa ran waɗannan zaruruwa za su ɗinke tsagewa tun tana ƙarama, kafin ido ya gan ta. A 2021 an zuba daɓen wani gini a garin Amesbury na Ingila da kankare mai girafin. Akwai kuma binciken da ya nuna cewa kankare mai bututun kabon yana canza yadda lantarki yake bi ta cikinsa idan nauyi ya danne shi, ta yadda wata rana gada za ta iya sanar da injiniya cewa ta fara gajiya. Duk wannan abin sha'awa ne, amma yawancinsa yana matakin gwaji, kuma ban ga dalilin da mai gini a Kamba ko Koko zai jira shi ba.

Gidana yana shan danshi kowace damina, filasta tana ɓamɓarewa. Shin maganin nano zai taimaka?

A nan ne fasahar ta riga ta shigo kasuwa da gaske. Duk wanda ya taɓa lura da ganyen gwaza bayan ruwan sama ya ga yadda ɗigon ruwa yake dunƙulewa a kansa kamar ƙwayar dutsen ado, ya gangara ya faɗi, ganyen kuma a bushe. Ba santsi ne yake sa haka ba. Fuskar ganyen cike take da 'yan ƙuraje masu kakin zuma-zuma, ƙanana ƙwarai, ta yadda ruwan ba ya samun wurin zama. Wani masanin tsirrai ɗan Jamus, Wilhelm Barthlott, shi ne ya yi fice wajen bayyana wannan a jikin ganyen wani furen ruwa, kuma a 1999 aka fitar da fentin bango mai suna Lotusan da ya kwaikwayi tsarin. Akwai kuma magungunan silen, waɗanda ruwa ne tsararo da ake fesawa a bulo ko filasta. Sukan shige cikin ƙofofin bangon su liƙe a jikinsu, su hana ruwa shiga amma su bar tururi ya fita. Wannan ya bambanta su da fentin mai, wanda yake rufe bango ruf, danshi ya taru a bayansa har ya kumbura ya ɓare.

Manufar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Magabatanmu sun yi ta shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a jikin soraye don ruwa ya zame, kuma gine-ginen ƙasa irin tsohon gidan sarautar Argungu da ya zama Gidan Tarihi na Kanta sun nuna cewa sun san abin da suke yi. Amma a kula da abu ɗaya. Maganin fesawa yana tare ruwan da ke bugun bango daga waje ne kawai. Idan danshin daga ƙasa yake hawowa, kamar yadda yake faruwa a unguwannin da ke kusa da fadama, to matsalar tana harsashi, inda ba a sa ledar tare danshi ba ko kuma ba a ɗaga ginin sosai ba. Haka nan idan indararo ne yake zuba a jikin bango, ko bangon ya tsage, sai an gyara waɗannan tukuna. Kuma maganin ba na har abada ba ne, rana da ƙura suna cinye shi, sai a sake bayan wasu shekaru.

An ce akwai bango da gilashin da suke wanke kansu. Za su yi aiki a ƙurar hunturu?

Ba kamar yadda ake zato ba. Asalin abin shi ne binciken da Akira Fujishima da Kenichi Honda suka wallafa a 1972 a kan sinadarin titaniyam dayoksaid. Idan hasken rana ya sauka a kansa, yakan wargaza dattin da asalinsa mai ne ko hayaƙi ko gansakuka, sannan ya sa ruwan sama ya malale a shimfiɗe ya kwashe ragowar. Kamfanin Pilkington ya fitar da gilashi mai irin wannan shafe a 2001, kuma cocin Jubilee da aka kammala a birnin Rum na Italiya a 2003 an gina shi da farin siminti mai ɗauke da sinadarin. Rana kam muna da ita fiye da su. Amma ƙurar hunturu garin ƙasa ce da ma'adinai da iska take ɗebowa daga Sahara, kuma hasken rana ba ya wargaza ƙasa. Ga shi kuma muna shafe wata shida ko bakwai ba ruwan sama da zai yi wankin. Saboda haka amfaninsa a wurinmu zai fi fitowa ne a damina, wajen hana baƙin gansakuka kama bango, da kuma a tayil ɗin asibitoci da wuraren da hayaƙin ababen hawa ya yi yawa.

Zafi fa? Tsakanin Maris da Mayu ɗakin kwano ba ya shiguwa.

Wannan matsala ce da ta cancanci a kashe mata kuɗi, domin zafin Birnin Kebbi a bazara yakan haura digiri 40, kwano kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Hanyoyi uku ne fasahar nano ta taɓa. Na farko shi ne erojel, wani daskararren abu marar nauyi mai kama da soso, wanda Samuel Kistler ya fara haɗawa a 1931. Fiye da kashi 90 cikin 100 nasa iska ce da aka kulle a cikin ƙofofi ƙanana ƙwarai, har ta kai ƙwayoyin iskar ba sa samun sararin miƙa wa juna zafi, shi ya sa siririn bargonsa yake tare zafin da sai mai kauri na wani abu zai tare. Tsadarsa ce ta hana shi yaɗuwa. Na biyu shi ne gilashin taga da aka shafa wa azurfa mai kaurin kusan nanomita 10, wanda yake barin haske ya shigo amma ya mayar da wani kaso mai yawa na zafi. Wannan ya dace da bankuna da ofisoshin da suke zuba gilashi a gabansu sannan su kwana suna ƙona man janareta don sanyaya ɗaki. Na uku shi ne fentin rufi mai mayar da hasken rana.

A kan na ukun ina da gargaɗi. Yawancin sanyin da fentin rufi yake kawowa daga farinsa ne, ko da nano ko babu. Duk wanda ya ce maka siririn fenti zai yi aikin silin da sararin iska, ya wuce gona da iri. Farin rufi, da silin mai kyau, da tagogin da suke fuskantar juna, da inuwar dalbejiya a yammacin gida, su ne matakin farko, kuma ɗakin soro na ƙasa mai kaurin bango har yau yana da darasin da zai koya mana.

Za ta iya hana rodi tsatsa, ko ta sa hanyoyi da gadoji su jure ambaliya?

Rodi yana tsatsa ne idan iska da danshi suka ratsa kankare suka iske shi, kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cika wuri, sai ta tura kankaren ya fashe. Mu muna nesa da teku, saboda haka gishiri bai dame mu kamar mutanen Legas ba. Abin da yake cin mu shi ne kankare mai ƙofofi da kuma rodin da aka bari dab da fuska. Kankaren da silika ya matse yana jinkirta wannan, akwai kuma fentin ƙarfe da aka ƙara wa laka ko zinki mai girman nano.

A hanyoyi, abin da ya fi jan hankalina shi ne magungunan silen da ake tsarmawa a ruwa a fesa wa jar ƙasa kafin a danne ta, don ƙasar ta daina shan ruwa. An yi amfani da su a Indiya da Afirka ta Kudu, kuma sun dace da jihar da tsakuwa take yi wa nisa a wurare da dama. Ana kuma gwada laka mai girman nano a cikin kwalta don kada zafi ya narkar da ita tayoyin manyan motoci su yi mata kwari. Amma wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shafe gonakin shinkafa ya yanke hanyoyi a Kebbi, ya san cewa babu wani gari da zai hana ruwa cin hanyar da kwalbatinta ya yi ƙanƙanta ko gadar da ruwa ya ƙwaƙule gindinta.

Katako da gara fa?

Akwai maganin katako da ake yi da tagulla da aka niƙa ta yi laushi ƙwarai, ana tura shi cikin katakon da matsin inji don ya kashe gara da ruɓa, kuma ruwa ba ya saurin wanke shi. Ana kuma sa garin zinki a man shafe katako don rana kada ta cinye shi. Yanzu da giginya take ƙaranci, azara kuma ta yi tsada, wannan fanni ne da ya kamata kafintoci da masu sayar da katako su sa wa ido.

Babu illa ga lafiyar leburori da masu gida?

Akwai, kuma ba na son a ɗauki wannan da wasa. Ƙanƙantar da ta sa garin yake da amfani ita ce take sa shi wuce gashin hanci da majina ya kai can ƙarshen huhu. A 2011 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada titaniyam dayoksaid na yau da kullum ya wuce miligiram 2.4 a kowace mita ta iska mai tsawo da faɗi da zurfi, amma ga mai girman nano sai ta sauko da shi zuwa 0.3, wato ta tsananta sau takwas. A 2014 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wani nau'i na bututun kabon a jerin abubuwan da ka iya haifar da ciwon daji.

Mu mutanen wannan yanki mun san abin da ƙura take iya yi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma ba kayan nano ba ce, amma hanyar ɗaya ce: gari mai laushi, a hannun mutanen da ba a gaya musu haɗarinsa ba, a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Idan garin ya riga ya daskare a cikin kankare ko fenti, haɗarin mai zama a gidan kaɗan ne. Haɗarin yana wurin mai buɗe buhu, da mai fesawa, da mai goge bango da inji, da mai rushe gini. Ya fi kyau a sayi wanda aka riga aka dama a ruwa, a sa takunkumi mai matata ba ƙyalle ko rawani ba, a jiƙa wuri kafin a yanka ko a share, kuma kada lebura ya koma gida ya rungumi 'ya'yansa da kayan aikinsa.

Idan na sa garin nano, zan iya rage siminti in fitar da bulo mai yawa?

A'a. Wani dattijon birkila ya taɓa yi mini wannan tambaya a bakin wata ma'aikatar bulo. Ya ce, "Injiniya, idan abin nan yana ƙara ƙarfi, ai sai a ƙara yashi." Na ɗauki bulo ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a rana, na danna gefensa da babban yatsa, sai ya zubo kamar dambu. Na ce, "Baba, wannan ba ƙarin magani yake nema ba, siminti da ruwa yake nema." An buga shi da yashi mai laka, an miƙe buhu ɗaya fiye da ƙima, sannan aka bar shi a rana ba ban-ruwa.

Silikan nano ba ya aiki sai da sinadarin da siminti yake fitarwa, saboda haka inda siminti ya yi kaɗan, ba abin da zai haɗu da shi. Ban da haka, garin yana da halin dunƙulewa, kuma shebur da kwanon sarki ba za su iya warware shi ba. Kowane dunƙule kuwa rauni ne a cikin kankare. Yana kuma shan ruwa sosai, kwaɓi ya yi tauri, lebura ya ƙara ruwa don ya ji daɗin zubawa, sai a ƙare da kankaren da bai kai na da ba. Ana buƙatar injin kwaɓi, da sinadarin da ke sa kwaɓi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, da awo na sikeli. Wanda bai riga ya saba da tsabtataccen yashi, da awo daidai, da ban-ruwa na aƙalla kwana bakwai ba, kuɗinsa zai zubar.

Yaya zan gane na gaskiya a kasuwa?

Rubuta "nano" a jikin galan ba shi da wuya. Ka nemi takardar bayanin kayan, wadda ta faɗi sinadarin da ke ciki da yawan da ake sawa da matakan kariya, ka duba rajistar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, sannan ka gwada kafin ka sayi da yawa. Idan maganin ruwa ne, ka shafa wa bulo ɗaya ka bar ɗaya, ka auna nauyinsu, ka tsoma su a ruwa kwana ɗaya ka sake aunawa, sannan ka bar su a rana wata guda ka maimaita. Idan na kankare ne, a zuba samfura masu magani da marasa magani, a kai ɗakin gwaji a fasa su bayan kwana 28. A babban aiki kuwa, kada a sa komai a kankaren da ke ɗaukar nauyi sai da sa hannun injiniya mai rajistar COREN, wato majalisar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya.

Ni ɗalibi ne. Ta ina zan fara idan ina son yin bincike a wannan fanni?

Ka fara da abin da ke bayan gidanku. Jihar nan tana da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya da aka kafa a 1978. Ba ka buƙatar girafin daga ƙasar waje kafin ka yi aikin da zai amfani mutane. Ka ɗebo ɓuntu daga wurare uku, misali Argungu da Jega da Yawuri, ka ƙona kowanne a tandun ɗakin gwaji a digiri 500 da 600 da 700, ka niƙa, ka maye gurbin kashi 10 da 15 da 20 na siminti, ka buga bulo da yashin da magina suke amfani da shi a gari, ba wanda aka tace don gwaji ba. Ka auna ƙarfinsu da yawan ruwan da suke sha a kwana 7 da kwana 28, ka kuma lissafa abin da kowane bulo ya ci na kuɗi, har da na niƙa da na dako. Idan akwai abokinka a sashen injiniyan ƙere-ƙere, ku haɗa kai ku ƙera tandun da zai riƙe zafi a digiri 600 wanda maƙerin gari zai iya yi da gangar ƙarfe da tubali, sannan ku kai shi bayan injin casa ku gwada shi a gaban masu buga bulo.